Gahawar da Aka Ce Ta Huce

A cikin dukan Juma'o'in da na yi ina zuba gahawa a Riyad, akwai guda ɗaya da ta ƙi barin raina, kuma ita zan ba ku labari, ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu. A watan Disamba ne na shekarar 2017, makon da Amurka ta ce ta amince Ƙudus ce babban birnin Isra'ila. Sunana Isiyaku, mutumin Gumel, amma a nan Ishaƙ ake ce mini, don ba wanda ya taɓa wahalar da harshensa a kan sunan mai zuba gahawa.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda waɗanda ba su san shi ba. Kamfaninmu na hidimar gahawa ne, ana ɗaukar mu zuwa biki ko zaman makoki ko majalisin manya. Sabon shiga yana farawa da wankin finjali da jera dabino. In ya goge sai ya zama sabbab, wato mai zubawa. Sama da shi akwai mai dafawa, sannan mushrif, shugaban tawaga, wanda shi kaɗai ke magana da masu gida. A lokacin ni nake dafawa, kuma ni nake zuba wa sahun manya. Mushrif ɗinmu kuwa wani Basudane ne mai suna Usman, mutumin kirki matuƙar ba a gaban attajiri yake ba.

Ƙa'idodin ba su da yawa, amma ba a yafe su. Dalla, butar gahawar nan mai dogon baki, a hannun hagu take, finjali a dama. Ba a cika finjali, don cika shi kamar ka ce wa baƙo ya sha ya kama gabansa ne. Kana tsaye a kansa har ya shanye ya miƙo maka. In ya girgiza finjalin ya ƙoshi, in bai girgiza ba ka ƙara masa. Kuma sabbab ba shi da baki, ko zagin juna ake yi a gabanka, naka zubawa.

Sai babbar ƙa'idar, wadda wasunku za su gama aikin nan ba su taɓa ganin ta ba. In baƙo ya karɓi finjali ya ajiye shi a ƙasa bai kurɓa ba, ɗayan biyu ne: ko yana da buƙata a wurin maigida, ko gahawar tana da aibi. In buƙata ce, al'adarsu ta wajabta wa maigida ya ce masa a gaban jama'a, "Sha gahawarka, abin da ka zo nema ka samu." Maganar da aka yi a kan finjali kuma ba a janye ta. In kuwa aibi ne, to sabbab ya shiga uku.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ana tura mu majalisin wani attajiri, Abu Fahad, a gidan hutunsa da ke bayan Dir'iyya, a gefen Riyad. Tanti ne na gashin akuya irin na kakanninsu, sai dai marmara ce a ƙarƙashin dardumar, ga talabijin da ta fi ƙofar ɗakina faɗi. A wannan shekarar ba su da zance sai taɗbi'i, wato ko Larabawa su ƙulla hulɗa da Isra'ila a fili, ko kada su ƙulla.

Majalisin yana da zakaru biyu. Na farko Dokta, marubuci a jarida, wanda ba ka ganin wuyansa sai da gyale mai hoton masallacin Ƙudus. In ya fara magana har jijiyar goshinsa takan miƙe. Ya ce jininsa da na 'ya'yansa fansa ne ga Falasɗinu, yana faɗa yana laluben dabinon da ya fi laushi a faranti. Na biyu Bandar, ɗan ƙanen maigida, wanda ya dawo daga karatu a Amurka da gajiya iri-iri. Ya gaji da Falasɗinawa, ya gaji da tarihi, ya gaji da taimakon mutanen da ba su da godiya, ko da yake ban taɓa jin abin da shi ya bayar daga aljihunsa ba. A ganinsa a yi sulhu da Isra'ila a huta, a kama kasuwanci. Haka za su yi ta kumfar baki har a kira abinci, sannan su zauna a tire ɗaya, wannan yana yago wa wancan kafaɗar rago.

Kada ku ɗauka ban damu da Ƙudus ba. Na taso a gidan da ake alƙunutu saboda ita, kuma in na ga yaran Gaza a talabijin abinci ba ya shiga mini. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a cikin tantin nan akwai Bafalasɗine na gaske, mai numfashi, yana zaune can bakin ƙofa inda iska ke shigowa.

Ustaz Mahmud ke nan, dattijo da ya haura saba'in. Ya bar Gaza yana saurayi ya tafi karatu Masar, yaƙi ya ɓarke a bayansa, aka yi ƙidayar mutane ba ya nan, sai sunansa ya fita daga cikin masu ikon komawa. Abin da yake riƙe da shi wata takardar tafiya ce ta 'yan gudun hijira, wadda ko ƙasar da ta ba shi ita ba ta yarda ya zauna a cikinta ba. Ya zo Riyad yana koyarwa, shi ya ɗora 'ya'yan Abu Fahad a kan karatu tun daga alif. Da ya bar aji sai aka sa shi a kamfanin gidan yana gyara musu Larabcin takardu. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Abu Fahad ne kafilinsa, wato igamarsa, izinin zamansa a ƙasar, a hannun Abu Fahad take.

Amfaninsa a majalisi ɗaya ne. In gardama ta yi zafi sai Dokta ya nuna shi da carbi ya ce, "Ga Ustaz nan, ku tambaye shi!" Bandar ma ya ce, "E, a tambaye shi!" Kafin dattijon ya gyara murya sun riga sun wuce wurin.

A ranar da nake ba ku labari Ustaz ya riga kowa zuwa. Ya biyo ta ƙofar baya ya same ni ina dakan hel, ƙwayar ƙamshin da ake sa wa gahawa. Bai taɓa shigo mana madafa ba, don haka na miƙe tsaye.

"Ishaƙ, ɗana, alfarma nake roƙo," in ji shi. "Yau ka dafa gahawar da ba wanda zai iya kushe ta."

Na ce, "Ustaz, an taɓa kawo maka ƙarata ne?"

"A'a. Yau zan ajiye finjali."

Na ja masa kujera, ya zauna ya gaya mini komai. Igamarsa za ta ƙare a ƙarshen wata, kuma ofis ya sanar da shi ba za a sabunta ba, wai ana rage baƙi, an fara da tsofaffi. Ya je wurin babban ɗan gidan, wanda ya riƙe wa hannu ya koya wa rubutu, shi kuma ya tura shi wurin sakatare. Ya tare Abu Fahad a bakin mota, shi kuwa ya ce masa "abshir", kalmar nan da suke faɗa wa mai roƙo, wato ka sha kuruminka, sannan ya ja gilashi. Ku da kuka ɗan daɗe a ƙasar nan kun san abshir ta bakin mota, ko ƙofar gida ba ta kaiwa.

"In suka ba ni takardar fita, ina zan sauka?" in ji shi. "Jirgi sai da ƙasar da zai ajiye mutum. Amma in Abu Fahad ya yi mini alkawari a kan finjali, a gaban mutane, ba zai iya haɗiye maganarsa ba. Mu ma a Gaza haka al'adar take. Ban taɓa yi wa kowa ba, kuma kunya kamar ta kashe ni."

Na ce masa ya bar mini sauran. Wallahi ban taɓa dafa gahawa irin ta ranar ba. Na tsince ƙwayar da hannuna, na soya ta sama-sama yadda mutanen Najdu, yankin Riyad, suke so, na sa hel sabon daka da ɗan za'afaran, na ɗauraye dalla da tafasasshen ruwa don kada sanyin ƙarfe ya taɓa ta. Da Usman ya shigo ya shaƙi ƙamshin, sai da ya tambaye ni ko wani yarima ake jira.

Saboda labarin makon, tantin ya cika fiye da kullum. Talabijin tana nuna zanga-zanga, an rage mata murya don kada ta yi gogayya da Dokta. Shi kuwa ranar ya samu abin da yake so. Ya ce duk wanda ya miƙa wa Isra'ila hannu, hannun ya shanye. Bandar ya ce shekara nawa ana wannan kirari, ko taku ɗaya ba a karɓo ba. Dokta ya ce ai irin su Bandar ne suka jawo. Ni dai na fara daga hannun daman maigida kamar yadda aka saba, na bi sahu. Kafin in kai bakin ƙofa na koma murhu na ɗauko dalla ta biyu da ke kan garwashi, don na Ustaz ya fi na kowa zafi.

Ya karɓa da hannun dama. Ya ɗaga kai ya dubi Abu Fahad, sannan ya ajiye finjalin a kan darduma, gaban gwiwarsa.

Dokta ne ya fara gani. Ya miƙe zumbur, gyale yana lilo.

"Allahu akbar! Ku duba! Finjalin Falasɗinu a ƙasa! Ba za a sha shi ba sai an ƙwato Ƙudus!"

Ya zaro waya, ya durƙusa da ƙaton cikinsa yana nishi, ya ɗauki hoton finjalin. Bandar ya yi dariya ya tafa hannu.

"Kun gani ko? Halinsu ke nan. Duk abin da aka miƙa musu sai su ajiye a ƙasa, gobe su ce an hana su."

Nan tanti ya kaure. Wasu suka ce wannan ita ce jarumta, wasu suka ce rashin ta-ido ne mutum ya kawo siyasa gidan da ya ci da shi shekara da shekaru. Wani har ya fara bayanin abin da finjalin yake nufi ga makomar Gabas ta Tsakiya. Mutanen da suka tashi cikin wannan al'ada, waɗanda kakanninsu suka sasanta jini a kan finjali, ba ɗaya da ya tuna cewa abin da ake yi shi ne a tambayi mutum me yake so. Ustaz yana zaune, hannuwa a kan gwiwa, ido a kan maigida, don al'ada ba ta ba shi damar fara magana ba sai an nema. Ni kuma ina tsaye a kansa da dalla, ba ni da ikon gusawa sai finjali ya dawo hannuna.

Abu Fahad dai ya gane. Na ga fuskarsa, kuma na san fuskar mutumin da aka tare a lungu. Ya dubi finjalin, ya dubi rufin tanti, ya ja carbi. Can sai ya ɗauki nasa finjalin, wanda ya riga ya shanye har ya nemi ƙari, ya kai hanci ya yamutsa fuska.

"Usman! Gahawar nan ta huce. Dattijo kamar Ustaz za ku ba gahawa mai sanyi? A canja ta."

Jama'a, tururi yana tashi daga finjalin nan, ga sanyin Disamba yana ƙara fito da shi, makaho ne kawai ba zai gani ba. Ban san lokacin da na karya ƙa'ida ba. Na ce, "Allah ya ja da ranka, yanzu na sauke ta daga wuta." Ko kallona bai yi ba. Usman ya taka mini ƙafa, ya sunkuya ya ɗauke finjalin, ya ce wa maigida, "Abshir, ɗal umrak," wato an gama, ranka ya daɗe, ya tura ni madafa.

Na sake sabuwa, raina yana tafasa fiye da ruwan. Na dawo na fara daga sama, don haka dokar take in an canja dalla. Zafinta har yana ƙona mini yatsu ta jikin finjali. Kowa ya karɓa ya sha, Dokta ya sha bai girgiza ba, na ƙara masa. Da na iso bakin ƙofa Ustaz ya karɓa, ya sake ajiyewa a inda ya ajiye na farko. Wannan karon ya yi magana, a hankali, amma kowa ya ji.

"Gahawarka ba ta da laifi, ya Abu Fahad."

Yanzu kam ba wanda zai ce bai gane ba. Ba Ƙudus dattijon yake nema ba, wani abu ne da ke hannun mutumin da ke zaune a tsakiyar majalisi, abin da za a iya bayarwa yau ɗin nan kafin la'asar. Sai kowa ya sami abin kallo a kan dardumar gabansa. Bandar, wanda ashe bai ma san al'adar ba, ya tambayi na kusa da shi me ake ciki. Da aka raɗa masa, sai wayarsa ta zama abin da ya fi komai muhimmanci a duniya.

Ni Dokta nake kallo. Na ce a raina, ga ranarka ta zo, mai gyale. Ba jininka ake nema ba, ba na 'ya'yanka ba, jimla ɗaya ce: Abu Fahad, tambaye shi. Shi ne a hannun daman maigida, shi ne mai bakin da ba ya gajiya. Amma Abu Fahad ne yake buga masa littattafansa, kuma wannan wurin zaman na hannun dama ba gadonsa ba ne.

Dokta ya taso kuwa. Ya tako har bakin ƙofa, ya sake durƙusawa, ya ɗauki finjalin Ustaz ya kurɓa. Ya juya gahawar a baki kamar mai gwajin magani, ya girgiza kai.

"Ustaz mutum ne mai kawaici, ba ya son ya tozarta ma'aikaci," in ji shi. "Amma gaskiya a faɗe ta, hel ɗin nan ya ƙone. Ni ma tun ɗazu haƙuri nake yi."

Ya juye ta a cikin toka, ya danƙa mini finjalin a hannu. Shi ke nan, babu finjali a ƙasa, babu buƙata. Mutanen da suka shanye gahawar nan suna lumshe ido suka fara gyaɗa kai, wani ya ce shi ma ya ji ɗan ɗaci. Abu Fahad ya sauke numfashi ya ce, "Tafaddalu, abinci ya sauka." Aka miƙe ana gyara riguna, kafin su kai ɗakin cin abinci har Dokta da Bandar sun koma kan taɗbi'i.

Ustaz bai bi su ba. Ya dafa gwiwa ya tashi, ya nemi takalmansa a cikin tarin takalma, ya fita ta ƙofar da ya shigo. Ban da ni ba wanda ya ga fitarsa.

A ranar aka cire ni daga majalisin Abu Fahad, aka mayar da ni zauren biki, wurin da ake zuba wa mutum ɗari gahawa ba wanda ya san ɗanɗanonta. A mota na ce wa Usman ya ji tsoron Allah, ya san gahawar nan lafiya lau take. Sai ya ce, "Na sani, ya Ishaƙ. Amma gahawa ba ta da igama, ni da kai muna da ita."

Wata ya ƙare, igamar Ustaz ta mutu. Aka ba shi takardar fita, ba ƙasar da ta yarda ya sauka. Kun san abin da ke biyo baya: layin waya ya yanke, banki ya rufe, asibiti ya daina karɓar katinsa. Ya bar gidan da ya zauna a unguwar Al-Murabba tun matarsa tana da rai. Muka samo masa ɗaki a Al-Jaradiya, a layinmu, tsakanin wani direba ɗan Katsina da wasu magina. Ba ya fita sai masallacin ƙarshen layi, don tsoron masu duba takardu. Mutumin da ya koya wa rabin gidan attajiri karatu ya koma leƙen titi kafin ya tsallaka.

Hoton Dokta kuwa ya yi tafiyar da mai finjalin bai samu ya yi ba. Ya sa shi a shafinsa da dogon rubutu, aka yi ta yaɗawa, har ya zaga ya iso Gumel. Ƙanena Sani ya turo mini shi ta waya, yana cewa, "Yaya, ka ga wani gwarzon dattijo, ya ƙi shan gahawar attajiran Larabawa saboda Ƙudus. A ƙasarku aka ce an yi. Ina ma kana wurin!" Na ƙura wa hoton ido. Ga finjali, ga tururi, ga hannun Ustaz a kan gwiwa, can gefe kuma ga babban yatsan ƙafata.

Wata Juma'a na kai wa Ustaz gahawa a fulas, na nuna masa hoton. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Fuskar fa?"

Na ce ba ta fito ba.

Ya miƙo mini wayar. Na zuba masa ya shanye, bai girgiza ba, na ƙara. Sai ya riƙe finjalin a ƙarƙashin hancinsa ya yi ɗan murmushi.

"Ta ranar nan ta fi wannan ƙamshi, ɗana. Wallahi na so in sha ta."

Na juya baya ina gyara murfin fulas, don ba na son ya ga idona. Har yau yana ɗakin nan, kuma har yau ana majalisi a Dir'iyya. Wanda ya gaje ni a can ya ce mini Dokta yakan ce, kaico, da Ustaz yana nan da ya ba ku amsa.

Abin da ranar ta koya mini game da aikinmu ba shi da yawa. Za ku tsaya a kan manyan mutane, ku ji suna raba ƙasashe suna haɗa su tsakanin finjali na farko da na biyu. Wani zai rantse zai mutu saboda mutanen da bai taɓa gani ba, wani zai rantse su suka jawo wa kansu. Kada ku auna ko ɗaya da muryarsa, ku jira ku ga abin da zai yi ranar da ɗaya daga cikin mutanen nan ya zauna a gabansa da buƙatar da za a iya biya. In kun ga finjali a ƙasa, ku dubi fuskar mai shi da kyau, don a tantin gaba ɗaya wataƙila ku kaɗai za ku dube ta. Sannan ku gyara tsayuwa, domin gahawarku ce za a ce ta huce.